Ranar da Dagaci Ya Cire wa Garau Hula

Wani mutum ne a garinmu, Ɗayyabu sunansa, amma idan ka shigo ka ce Ɗayyabu kake nema sai an tambaye ka wanne. Ka ce Garau kuwa, ko akuyar gari sai ta nuna maka gidan. Sunan daga bakinsa ya fito. Kowa idan aka gaishe shi "lafiya lau" yake cewa ya wuce, shi kuwa sai ya daki ƙirji ya ce "garau", sannan ya tsare ka ya ba ka tarihin lafiyarsa tun daga yaye. Wai bai san inda ƙofar asibiti ta kalla ba. Wai sau ɗaya aka taɓa gwada yi masa allura a makaranta, allurar ce ta lanƙwashe. Wai sauro idan ya cije shi, sauron ne ke kwana da zazzaɓi. Mu da muke zama da shi a majalisar gindin darbejiya bayan la'asar mun ji har mun haddace, idan ya tsaya shan ruwa mu muke ƙarasa masa.

Kada ku ɗauka mugun mutum ne. Yadi yake sayarwa a kasuwa, hannunsa a sake yake, ba a jana'iza ko suna babu shi. Tsafta kuma ba a magana. Riga kullum a goge, huluna sun fi goma, kowace Juma'a Ɗan'azumi wanzami ya yi masa aski ƙwal har kan yana ɗaukar ido. Bakin nan ne dai kawai Allah ya haɗa shi da shi.

To, sai ƙaninsa direban tirela ya kawo masa tsarabar kyanwa daga kudu. Fara sol, gashi buzu-buzu, ba irin magen gidajenmu masu bin ɓera a rumbu ba. Garau ya sa mata suna Gimbiya. Kifi take ci, madara take sha. Matarsa Hansatu ta ce shekara talatin tana gidan ba a taɓa tambayarta ko kifi ya yi mata gishiri ba, amma ga shi ana tambayar mage. Idan ya kwanta ƙailula, matashi ɗaya suke yi da Gimbiya, kai da kai. Idan ya ajiye hula, sai ta shige ciki ta naɗe ta yi barcinta, shi kuma ya zo majalisa yana ba mu labari kamar ɗansa ne ya sauke Alƙur'ani.

Wata rana ya zo da ita majalisa a kafaɗa. A cikinmu akwai Malam Iliyasu, tsohon malamin dabbobi da ya yi ritaya, mutum ne da sai ya yini bai yi magana goma ba. Ya gyara tabarau ya dubi kyanwar, ya ce a matso da ita. Bai taɓa ta da hannu ba, tsinke ya sa ya ɗaga gashin bayan kunnenta. Sai ga wani ɗan fili zagayayye, gashin wurin ya zube, fatar ta yi fari-fari kamar an barbaɗa gari.

"Malam Ɗayyabu, makero ne wannan," in ji shi. "Ka kai ta asibitin dabbobi. Kafin nan ka raba ta da matashinka da hulunanka, kuma in ka taɓa ta ka wanke hannu da sabulu. Yana kama mutum."

Garau ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce makero ai ciwon yara ne masu wasa a bola. Ya ce Gimbiya ta fi rabin mutanen garin nan wanka. Ya ce in ma makeron ne, to ya zo, jininsa ɗaci gare shi, ciwo in ya ɗanɗana tofarwa yake yi. Don ya nuna mana da gaske yake, sai ya cire hula ya goga kyanwar a tsakiyar kansa, sau uku, kamar mai goge gumi da tawul. Malam Iliyasu ya mayar da tabarau aljihu.

Ana nan sai dagaci ya sanar cewa zai naɗa Sarkin Tsafta, wanda zai riƙa fito da mutane sharar ƙarshen wata, ya duba kwatoci da mahauta. Sarauta ce ƙarama, ba albashi, amma akwai rawani. Garau kuwa tun yana saurayi ba abin da yake mafarki irin ya ga rawani a kansa, ana ce masa ranka ya daɗe. Ya shiga ya fita, ya gaida wannan ya gaida wancan, har dagaci ya amince. Gaskiya ma ba wanda ya yi gardama, don in dai tsafta ce ta ido, ya cancanta. Aka sa rana, wata biyu masu zuwa.

Kwana goma da goga kyanwa a ka, sai ƙaiƙayi ya fara.

Da farko ba mu lura ba. Sai muka ga yana tura hula gaba, ya tura ta baya, ya juya ta hagu, kamar mai neman tasha a rediyo. Daga nan sai muka ga ya daina alwala a ƙofar masallaci. Kun san dai shafar kai sai an ɗaga hula. Ya ce wai ruwan randar masallaci bai yi masa ba, daga gida zai riƙa zuwa da alwalarsa. Juma'a ta zo, Ɗan'azumi ya je da zabirarsa kamar kullum, aka ce masa mai gidan ya ce ya ɗan dakata da aski, tara suma yake saboda rawani ya zauna daram. Ɗan'azumi ya ce shekararsa arba'in yana aski bai taɓa jin haka ba, amma ya juya ya tafi.

A sahu kuwa, wanda duk ya tsaya kusa da shi ya san akwai magana. Liman na karatu, sai ka ji ƙarat-ƙarat-ƙarat a gefenka. Idan aka idar ka tambaye shi lafiya, sai ya ce garau, tunani ne ya yi masa yawa, sarauta ba wasa ba ce.

Abin da ke faruwa a cikin gida, daga baya Hansatu ta ba matanmu labari, su kuma suka ba mu. Fili ɗaya ne ya fara fitowa a tsakiyar kai, kamar kwabo. Ya zama biyu. Ya zama biyar. Hansatu ta ce masa, "Malam, ka je asibiti a ba ka magani, ka kai magen nan ita ma. Tun da sauran lokaci." Ya ce ita ba ta san gari ba ne. Shi Garau a gan shi a layin asibiti da kati a hannu? Ai kafin azahar labari ya kai kasuwa, kafin la'asar ya kai kunnen dagaci. Shekara talatin yana gina suna, ba zai rushe shi a kan ƙaiƙayi ba. A nan kam na tausaya masa, don bakinsa ne ya rufe masa hanyar asibiti, ba kowa ba.

Sai ya shiga maganin ɓoye. Ya daka tafarnuwa ya shafa, gida ya ɗauki wari, makero ko gezau. Ya shafa toka da lemon tsami. Ya shafa man goge baki. Daga ƙarshe ya je wurin wani bakanike a garin gaba, inda ba a san shi ba, ya ce wani maƙwabcinsa ne ke fama, aka ce masa ai man birki shi ne ƙarshe. Ya dawo gida ya kulle ɗaki ya tsiyaya. Hansatu ta ce tana tsakar gida tana tankaɗe sai ta ji wata ƙara, ta ga mutum ya fito fit, ya zagaya turmi sau biyu, ya tsoma kai cikin baho. Man birki ya ƙona fatar, wurin ya yi jawur, makero kuma yana nan daram, har ya ƙara faɗi. Duk wannan bidiri da ake yi, Gimbiya tana kwance cikin hular da zai sa gobe.

Abin da ya fi tayar masa da hankali shi ne al'adar naɗi a garinmu. Duk wanda za a naɗa, komai ƙanƙantar sarautar, a tabarma ake zaunar da shi a gaban jama'a. Dagaci da hannunsa zai cire masa hular da ya zo da ita, ya ɗora masa wata jar dara da ya gada daga kakansa, sannan a naɗa rawani a kanta. Bayan kwana bakwai a mayar da darar gidan sarauta. Kowa ya san haka, Garau ma ya sani.

Saura sati guda, ya sayi sabuwar dara ya tafi wurin dagaci. Bayan gaisuwa ya ce, ranka ya daɗe, ya ga kamar wahala ce babba kamarsa ya riƙa cire hula yana sa hula, me zai hana shi ya zo da darar a kansa tun daga gida, sai naɗi kawai. Dagaci ya yi murmushi ya ce ya gode da tausayi, amma hannunsa bai gaji ba tukuna, kuma tun zamanin kakansa ba a taɓa naɗa kan da bai gani da idonsa ba.

Garau ya dawo gida. Ya zauna ya yi ta kallon tukunyar tuwo a kan murhu, can sai dabara ta faɗo masa. Sumarsa ta taru baƙa wuluk, filayen ne kawai suka yi fari da ja. In aka baƙanta su, wa zai gane daga nesa? Cire hula da sa dara ai ƙiftawar ido ne. Ya kankare baƙin tukunya, ya kwaɓa da man kaɗanya. Hansatu ta ce ita ba da hannunta ba. Ya ce ta riƙe hannunta. Ranar naɗi da sassafe ya ɗauki madubi biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, ya bi filayen nan ɗaya bayan ɗaya ya cike su tsaf. Ya duba, ya ga kai ya koma na saurayi. Ya kawo sabuwar hula fara ƙal ya kifa.

An ce ƙarfe tara za a fara. Garau ya iso tun takwas da rabi, riga uku a jikinsa, ta saman farar shadda ce mai aiki har gwiwa. An yanka raguna biyu a gidansa, mata sun kwana biyu suna aikin abinci. Aka zaunar da shi a tabarma a tsakar fili, inda babu ko inuwar kara. Lokacin bazara ne, kun san ranar garinmu. Tara ta yi, goma ta yi, dagaci bai fito ba, wai baƙi ne suka zo masa daga wurin hakimi. Makaɗa suna ta kiɗa, maroƙi yana ta zuba kirari: ga wanda ciwo ke gani ya canza hanya, ga wanda asibiti ba ta san sunansa ba. Garau yana gyaɗa kai, yana ɗaga hannu.

Wajen sha ɗaya sai man kaɗanya ya fara narkewa.

Ni ina kusa, da idona na gani. Wani baƙin layi ya ɓullo daga ƙarƙashin hula, ya gangaro ta gefen kunne, ya shige gemu. Wani ya biyo ta goshi, ya tsaya a karan hanci, ya ɗiga a kan shadda, ɗis. Garau ya sa hannun riga ya share. Hannun riga ya yi baƙi, fuska kuma ta koma kamar ta mai sayar da gawayi. Na matsa na raɗa masa cewa wani abu na zubo masa. Ya ce in rabu da shi, rinin hula ne, hulunan yanzu ba su da aminci. Na dubi hular, fara ce.

Ga zafi, ga gumi, ga ƙaiƙayi ya taso gaba ɗaya, kuma ba damar susa a gaban jama'a. Sai motsa fatar goshi yake, hula tana rawa da kanta.

Can dagaci ya fito. Aka yi addu'a, aka yi jawabi, aka kawo rawani a kan faranti da jar darar nan ta gado. Dagaci ya ɗauki dara a hannun dama, ya matso, ya ɗan tsaya yana duban fuskar Garau. Ya sa hannun hagu ya kama hula. Hula ta ƙi fitowa, ta manne. Ya ƙara ja. Sai ji muka yi ɓat.

Baƙin nan duk ya bi hula da gumi ya tafi. Abin da ya rage a kan Garau, wallahi ba abin da ya tuna mini sai tandar waina: zagaye-zagaye guda bakwai, wani ja, wani fari, kowanne da baƙin da'ira a gefensa. Kalangu ya yi tsit. Maroƙi ya tsaya da baki buɗe a tsakiyar kirari. Dagaci ya dubi kan, ya dubi darar kakansa, sai muka ga hannun dama yana komawa baya a hankali, a hankali, har dara ta ɓuya a bayan riga.

"Malam Ɗayyabu, mene ne wannan?"

Wani in shi ne sai ya sunkuyar da kai ya ce a yi masa afuwa. Garau kuwa sai ya waiga ya hango Ɗan'azumi a cikin taro.

"Ranka ya daɗe, askar wanzami ce. Dama ina shirin in fara aikin tsafta daga kansa."

Ɗan'azumi ya fito tsakiyar fili, ransa a ɓace, don abincinsa aka taɓa. Ya durƙusa ya ce, ranka ya daɗe, yau sati bakwai rabon askarsa da wannan kai, duk Juma'a sai an maido shi daga ƙofar gida. Ya ce kuma mazan da ke wurin nan, in aka cire baƙi, duk shi yake yi musu aski, har shi dagacin. In askarsa ce, to a duba.

Ban san wanda ya fara ba. Sai dai na ga liman ya ɗaga hularsa. Ladan ya ɗaga. Sarkin fawa ya ɗaga. Kafin ka ce me, fili gaba ɗaya maza sun tuɓe huluna, kawuna sun fi ɗari suna ƙyalli a rana, kowa yana leƙa na maƙwabcinsa. Ko ƙurji ɗaya ba a samu ba. Mata daga bayan zana suka fara ƙyalƙyala dariya, wata har da guɗa.

Dagaci ya kira Malam Iliyasu ya ce ya duba. Malam Iliyasu ya sa tabarau, ya zagaya Garau sau ɗaya, hannuwansa a baya.

"Makero ne, ranka ya daɗe, an kuma ƙona shi da wani abu. Yana warkewa in an sha magani an shafa na shafawa. Mai irinsa ɗaya na sani a garin nan, kuma a gidansa take, matashinsu ɗaya." Ya dubi hannun dagaci. "Hular da ke hannunka ma, da ka ajiye ta ka wanke hannu da sabulu."

Dagaci ya saki hula kamar ya taɓa garwashi. Aka rugo da buta da sabulu. Yana wanke hannu yana tunani, da ya gama sai ya ce to, ga jama'a sun taru, ga abinci an dafa, ga makaɗa, ba kyau a watse haka. Ya ce Malam Iliyasu ya zauna a tabarma. Malam Iliyasu ya ce a kawo wata tabarmar dai. Aka kawo, aka ɗora masa dara, aka naɗa masa rawani, maroƙi ya juya kirari nan take ko kunya babu. Daga nan taro ya ɗunguma gidan Garau, aka cinye ragunan nan biyu tas, ana yi wa sabon Sarkin Tsafta fatan alheri.

Umarnin farko da Sarkin Tsafta ya bayar a kan Garau ya faɗa. A tafasa hulunansa duka da rigar matashi da zanen gado. Ranar Litinin ya kai kyanwa asibitin dabbobi, daga can ya wuce asibitin mutane. Hansatu ta karɓi wannan umarni hannu bibbiyu, ko hula ɗaya ba ta bari a bushe ba.

Ni na ɗauke shi a babur ranar Litinin, don tausayi, kuma don kada a ba ni labari. Ya ɗora hankici a ka, ya rungume kwali da Gimbiya a ciki tana ta miyau. Ba mu yi nisa ba iska ta fizge hankicin ta yi gona da shi. Ya ce in tsaya, na ce ban ga inda ya faɗa ba.

Muka isa asibitin dabbobi na ƙaramar hukuma. Ga layi, wani da ɗan maraƙi, wata da kaji a kwando, kowa ya bar dabbarsa ya koma kallon kan Garau. Shi kuwa ya ɗaure fuska, yana ta gaya mini da ƙarfi yadda kowa zai ji cewa shi fa rakiya kawai ya yo. Da layi ya zo kanmu, wata ma'aikaciya ce a tebur, ba ta san shi ba, ba ta san labarinsa ba. Ta buɗe kwali ta ɗaga kunnen kyanwa ta duba. Ta ɗago ta dubi kan Garau. Ta sake duban kyanwa. Sannan ta jawo biro, cikin ladabi ta ce:

"Baba, kati ɗaya zan buɗe muku, ko kowa da nasa?"